Sawun Mutumin Safo

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, babba da yaro. Surukina, mahaifin matata, ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na bakin tabkin Madarumfa, bayan jinyar kwana tara. Ni tun da na auri 'yarsa Baba nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Labarin ya sami masunta suna cikin ruwa. Ban san wanda ya kai musu ba, na dai gan su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wanduna na ɗigar ruwa, kowa da goransa a ka. Ba wanda ya biya gida ya sake tufa. Suka jera gorunan a jikin dangar gidan yadda ake jera takalma a ƙofar masallaci, wasu ma kifi na motsi a ciki. Layin ya kai har gindin kukar da ke bayan gida, kuma da wuya a sami ɗaya a cikinsu da bai bi ta hannun Baba ba.

Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, bai yi kuka ba. Ya zauna a zaure yana ta faɗa kamar wanda aka yi wa laifi. Duk wanda ya durƙusa ya yi masa gaisuwa, sai ya ce, "Haƙuri, mun gode Allah. Amma ku hwaɗa mini, da wa zan yi gardama yanzu? Ku duka in na ce baƙi, sai ku ce baƙi." Inna kuwa, surukata, ta riƙe kanta har aka fita da shi, tana ta sa a dama wa baƙi fura. Sai da ta leƙa ƙarƙashin rumfa ta ga wani gora da Baba ya fara ƙwaƙule wa ciki bai gama ba, da 'yar wuƙarsa a baki, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane.

Akwai wani dattijo Kirista da ya tako keke tun daga Maradi. Lokacin da ake yi wa Baba salla ya koma gefe ya cire hula ya sunkuyar da kai, da aka kai shi makwanci kuma ya sa hannu aka tura ƙasa da shi. Ya ce mana tun yana saurayi Baba ya zaɓa masa gora, kuma duk tsawon zamansu tambaya ɗaya Baba yake yi masa, ko ya ci abinci kafin ya shiga ruwa.

Ni kuma a wurin zaman makoki aka kama ni ina murmushi, har matata ta aiko daga cikin gida in gyara fuskata, mutane na kallo. Ba rashin baƙin ciki ba ne. Na yi kukan Baba fiye da yadda na yi na mahaifina, kuma ba na jin nauyin faɗa. Amma duk sanda na tuna mutumin nan, abin da ke fara zuwa mini shi ne ranar da na sha ruwa a gaban jama'a saboda na ƙi jin tasa, da ranar da ya ɗaga ni ba tare da ya kira sunana ba. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na koya a yaƙi da jahilci na zauna rubutu. Yaran yanzu sun fara hawa ruwa a kan robar cikin tayar mota, wadda ba ruwanta da ƙato ko siriri, kuma ina tsoron nan gaba kaɗan a manta an taɓa yin mutum a garin nan wanda aikinsa shi ne daidaita masunci da goransa.

Ga wanda bai san bakin ruwa ba, gora ƙaton ɗan duma ne da ake bari ya ƙosa ya bushe, a yanke masa baki a sama, a kwashe cikinsa. Masunci yakan kwanta a kansa ya toshe bakin da tumbinsa, ya yi ta tuƙi da hannuwa da ƙafafu. In ya kama kifi sai ya ɗan ɗaga jiki ya jefa shi ciki. Kowa na iya shuka duma, kowa na iya fafe shi. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne sanin wane gora ne na wane mutum. In ya yi maka kaɗan, zai nutse har ruwa ya kai bakinsa tun ba ka zuba kifin kirki ba. In ya yi maka yawa, ka hau tudu ke nan: hannunka ba zai kai ruwa sosai ba, iska ta yi ta yawo da kai, kuma da ka karkata za ka ɗaga koma, wato ragar kamun kifi, sai ya mirgine ya aje ka a ƙarƙashinsa.

Baba ba ya awo da igiya, ba ya awo da taƙi. A gaban rumfarsa akwai wata 'yar laka inda yake jiƙa gorunansa, kullum a jiƙe take, kullum laushinta ɗaya. In mutum ya zo neman gora, sai ya ce masa, "Tuɓe takalmi, ka taka nan ka dawo." Mutum ya taka ya dawo. Sai Baba ya tsuguna ya zura yatsa a sawun. Zurfin ya gaya masa nauyi, tazarar taku ta gaya masa tsawon hannu. Yana kuma duba ko da dunduniya mutum yake taka ƙasa ko da yatsu, don ya ce matsoraci yatsu yake kafawa ko a tudu yake. Irin wannan yakan ba shi gajeren gora mai faɗin gindi, wanda ba ya saurin juyawa. Yakan ce gora abu uku yake ɗauka, mutum da kifinsa da tsoronsa, kuma na ukun ne mutane suke ɓoye masa. Bayan haka sai ya bi gorunan yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa yana kara kunne, har ya tsaya a kan ɗaya ya turo maka shi da ƙafa. In ka ce wancan kake so, ba zai yi musu da kai ba. Zai koma bakin aikinsa, kai kuma ka yi ta tsayuwa har rana ta gaya maka gaskiya.

Mutum ɗaya ne yake musu da shi, ƙanensa. Gonakinsu na duma a haɗe suke, kuma Baba Ƙarami ya fi shi iya noma, wannan ba wanda zai musa. Gorunansa sai mutum biyu su kama ɗaya. Aƙidarsa ita ce babba ya fi tsaro, wanda ya faɗi daga babban gora kuwa shi ne bai iya hawa ba. Akwai daminar da suka yi sukutum ba su ci tuwo a akushi ɗaya ba saboda goran wani mutum guda. Kowa ya ja tabarmarsa ƙarshen zaure, suna ci suna juya wa juna baya. Amma Inna ta ce ko a wannan daminar, in nama ɗaya ne a miya, Baba sai ya tsame ya ce a kai wa wancan mai taurin kan.

Ni ba masunci ba ne. Manomi ne ni daga Safo, gero da wake na sani, ruwan da na saba da shi kuwa na rijiya ne. Na auri 'yar Baba ba da daɗewa ba bayan ƙasa ta sami 'yancin kanta, kuma a lokacin, in ba yabon kai ba, ƙato ne ni. Ina ɗaukar damin gero biyu in yi tafiya ina hira. Tsakanina da Baba akwai kunya irin ta surukai, shi kuma nasa ta fi ta kowa. Bai taɓa kiran sunana ba, "mutumin Safo" yake cewa, shi ma sai a bayan idona. Ba ya duban fuskata, ba ya yi mini magana kai tsaye. In na zo gaisuwa nakan tuɓe takalmi tun daga nesa, in tako har gaban rumfa in durƙusa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. In yana da abin faɗa mini, sai ya faɗa wa goran da ke hannunsa. "Kai gora, ka tambayi mutumin Safo ya gero." Ni kuma in ba gora amsa. Shekara goma muna haka, ni da shi da gora.

Sai shekarun fari suka zo. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Gero ya fito ya kai gwiwa ya ƙone, muka sake shuka, ya sake ƙonewa. Rumbuna ya koma wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma suka ƙare. Matata ta ce mu koma Madarumfa, ko ba komai akwai ruwa. Na ƙi har sau uku, don namiji ya kwashi iyali ya koma gindin surukai abu ne da ake yi wa mutum waƙa da shi. A na huɗu na dubi wuyan 'yar autarmu, na ɗaura wa jaki kaya.

Aka ba mu wani kango a bayan gidan Baba. Kullum Inna takan aiko da ƙwaryar fura da ɗan kifi. Yara su ci, uwarsu ta ci, ni ban taɓa sa hannu ba. Abincin gidan suruki ba zai wuce maƙogwarona ba, haka na rantse wa kaina. Ɗan abin da na samo a ƙwadago, in an tuƙa, sai in tura wa yara in ce na ci a waje. Na riƙa sa riga biyu don kada a gane. A zuciyata kuwa har lokacin ni ne ƙaton nan mai dami biyu. Abu biyu suka rage mini: ko in koyi sana'ar su in ciyar da gidana daga tabkin nan, ko in bi ta Ɗan Issa in tsallaka Katsina in yi dako, in bar wa suruki matata da 'ya'ya uku. Na san maza da yawa da suka tsallaka a shekarar, kuma ba duka suka dawo ba.

Na aiki matata ta roƙar mini gora. Da la'asar ta dawo da shi a ka, ta sauke a gabana. Na dube shi, na dube ta. Gajere ne, mai faɗin gindi, bai fi wanda ake ba samari masu tasowa ba.

Na ce, "Wanga na wa?"

Ta ce, "Naka ne, Malam. Baba ya ce shi ne naka."

"Bai ce in taka laka ba, bai auna ni ba, shi ne zai aiko mini da goran yara?"

"Ni dai abin da ya ba ni ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka magana ce ya gaya mini a fakaice, cewa mutumin da ya kasa ciyar da iyalinsa yaro ne. Na ce ta mayar masa, in gode. Washegari da safe na tafi wurin Baba Ƙarami. Shi ba ya wannan kunyar, ya tarbe ni da murna kamar ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ya ce, "Ashe kai ma ka gane shi. Zo ka ga goran maza." Ya fito mini da wani wanda sai da na buɗe hannuwa duka biyu ban zagaye rabinsa ba.

Na kai shi bakin ruwa da hantsi, lokacin da masunta ke fitowa, mata masu sayen kifi sun cika wurin. Na tura shi, na yi bisimilla, na haye. Abin da na fara lura da shi shi ne ruwa ya yi mini nisa. Ina miƙa hannu, 'yan yatsuna kawai ke taɓa shi. Na yi ta wutsil-wutsil a sama, gora na juyi da ni a wuri ɗaya, ina ganin gari, ina ganin ruwa, ina sake ganin gari. Na ce bari in karkata in kai hannu sosai. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ni a ƙasa, gora a sama. Ruwan bai wuce ƙirji ba, amma na sha wanda zai ishe ni kwana biyu kafin wani ya kamo ni ta wuyan riga. Na miƙe, rigunan nan biyu sun manne a jikina, haƙarƙarina duk a waje. Dariyar da aka fara sai ta mutu a hanya, kuma wannan shirun ya fi dariyar yi mini ciwo. Baba Ƙarami na bakin gaɓa yana ta bayani cewa gora ba shi da laifi. Baba yana ƙarƙashin rumfarsa, bai ɗago kai ba.

A ranar na yanke shawarar tafiya. Na ɗaure 'yan tsummokarana, na gaya wa matata gobe sai Ɗan Issa. Ba ta ce kada in tafi ba. Ta ce, "To, ka tahi ka yi wa Baba sallama tukuna, kada a ce marar tarbiyya na aura."

Da safe na je. Na tuɓe takalmi, na tako ta kan lakar nan kamar kullum, na durƙusa. Ƙaramin goran da na mayar yana gefensa. Na ce wa gora na zo sallama, zan tsallaka neman abinci. Sai Baba ya matso, ya zura yatsa a sawun da na bari yanzun nan, ya zaro, ya duba inda laka ta tsaya. Ya jawo goran ya ɗora hannu a kansa.

Ya ce, "Kai gora, an ce ban auna mutumin Safo ba. Shekara goma shina tuɓe mini takalmi, shina taka lakar ga, mi ake tsammani nike kallo a ƙasa? Ranar da munka ba shi ɗiya, sawunsa ya shanye mini gaɓar yatsa biyu. Bara gaɓa ɗaya da rabi. Yau ga shi, ko ɗaya bai cika ba."

Ya goge yatsan a jikin wandonsa.

"Wancan ƙaton da ya zo neman aure, na san shi, in shi ya aiko da na ba shi babba. Wanga ba shi ba ne. Wanga wata uku ke nan shina tura wa ɗiya tuwonsa shina cewa ya ci a waje. Riga biyu ta ruɗi mutane, ba ta ruɗin laka. Ni ban raina shi ba, na auna shi ne. Kai gora, ka ɗauke mini shi yadda yake. Ranar da ya maida jiki, ni da kaina zan sallame ka. Kuma ka hwaɗa mai, ba a hawanka da yunwa. Hurar gidana ba ta taɓa kashe kowa ba."

Duk shekarun nan ina tsammanin kunya ce ke sa shi kallon ƙasa, ashe duba ni yake yi. Abin da na ɓoye wa matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, tsohon nan ya karanta shi a laka. Na yi kuka a durƙushe, ina kallon gora don kada in kalle shi. Inna ta turo ƙwaryar fura ta ƙarƙashin danga. Na juya baya na shanye ta tas.

Na hau ƙaramin goran a ranar. Cikina ya toshe bakinsa kamar an yanka shi dominsa, hannuwana suka shiga ruwa har gwiwa, na yi tuƙi ɗaya sai ga ni na tafi gaba. Faɗin gindin nan kuwa, sai daga baya na gane na tsoro ne, don ashe ni ma da yatsu nake taka ƙasa. Baba ya koya mini kamun kifi daga bakin gaɓa, duk ta bakin gora. "Kai gora, ce mai shi saki kahwaɗa." "Kai gora, ce mai koma ba garma ba ce, a hankali ake ɗaga ta." Masunta suka riƙa kirana ɗan gora, na bar su. Makonnin farko 'yan karfasa nake samu, abin miya dai, amma yara sun fara cin abin da ubansu ya kawo.

Ranar da ba zan manta ba ta zo da bazara. Tabki ya ja baya sosai, kifi ya taru a wani gurbi mai zurfi can tsakiya, inda muka kafa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi. Da safe muka shiga dubawa sai iska ta taso, irin mai zuwa kafin ruwan farko. Ina gani masu manyan goruna suka fara tafiya ba da niyya ba. Suna tuƙi gabas, iska na kai su yamma, har ta jibge su cikin ciyawar ɗaya gaɓar suna zage-zage. Ni nawa a ƙasa yake zaune, iska ba ta sami abin kamawa ba. Na sunkuyar da kai na yi ta ja har na kai gurbin ni kaɗai. Na bi igiyata ina cire kifi ina jefawa, gora na ƙara zama a ruwa amma bakinsa bai jiƙe ba, don Baba ya bar wa kifi wurinsa. A ƙugiyar ƙarshe na ji abu ya ja ni kamar ɗan maraƙi. Tarwaɗa ce, kanta kaɗai ya fi bakin gorana. Muka yi ta kokawa, ta ja ni dama, ta ja ni hagu, goran nan ya karkata ya dawo, ya karkata ya dawo, bai juye ba. Da ta gaji na zura mata igiya a baki na ɗaura a ƙugu, na jawo ta har gaɓa.

Mutanen da suka ga haƙarƙarina su ne suka tarbe ni. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na saɓa tarwaɗar a kafaɗa, jelarta na jan ƙasa, kuma na rantse ban bi gajeriyar hanya ba, ta tsakiyar gari na bi. A gida na ce wa matata ta dafa kan da tsakiyar, ta zuba a akushinmu mafi kyau, ta kai gidan Baba. Tun zuwanmu abinci daga can yake zuwa nan, ranar nan ya juya. Aka dawo da akushi a wanke, ba saƙo. Amma Inna ta gaya wa 'yarta cewa ya tsotse ƙashin kan nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma aika wa ƙanensa tsoka guda ya ce a tambaye shi ina masu manyan goruna suka kwana. Ban tsallaka Katsina ba, ba a shekarar ba, ba kuma bayanta ba.

Damina biyu bayan haka ruwa ya dawo, na koma noma ina haɗawa da su. Wata safiya na je gaisuwa, na tako, na durƙusa, na gai da gora. Baba ya zura yatsa a sawuna, ya zaro, ya daɗe yana dubawa. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ɗago kai ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Kai. Gaɓa biyu. Goranka ya yi maka kaɗan."

Ni ya gaya wa, ba gora ba. Ya tashi da kansa ya mirgino wani babba daga bayan rumfa ya turo mini da ƙafa. An yi mini kyauta iri-iri a duniya, ban taɓa jin daɗin wata kamar wannan ba. Na ɗauke shi a ka ina tafe ina washe baki kamar wanda aka naɗa sarauta. Daga ranar ya fara kirana in tsuguna kusa da shi in wani ya zo awo. Ba ya bayani, yakan dai zura yatsa, sannan ya matsa in zura nawa. Ƙaramin goran yana rataye a ɗakina har yau, ba na ba da aronsa.

Ranar sadakar bakwai, an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, sai wani magidanci daga cikin masunta ya matso yana sosa ƙeya. Goransa ya tsage, kwana uku bai shiga ruwa ba, kuma yana da iyali. Ya durƙusa gaban Baba Ƙarami, tunda shi ne babba yanzu. Kowa ya san abin da zai ce. Baba Ƙarami ya daɗe yana kallon rumfar yayansa.

Ya ce, "Ni in na ba ka, babba zan ba ka, kuma ka san inda iska za ta kai ka. Tahi wurin mutumin Safo."

Shekara arba'in ana gardamar nan, a nan ta ƙare, kuma wanda ya ci ba ya nan balle ya ji.

Na kai mutumin bakin lakar. Na ce ya tuɓe takalmi ya taka ya dawo. Na tsuguna na zura yatsa: gaɓa ɗaya da rabi, gajeren taku, dunduniya a kafe. Na shiga rumfa ina ƙwanƙwasa goruna ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kwanta mini. Sai na kai kan wanda Baba ya bari bai gama ba, wuƙarsa na nan a baki inda ya aje ta. Na juya shi, na ƙwanƙwasa, na ce wannan ne. Mutumin ya dube shi. Ya ce ana gobe Baba zai kwanta ciwo ya zo gaishe shi, ya tuɓe takalmi a nan, Baba ya ƙwanƙwasa tsohon goransa ya ce ba zai kai kaka ba, amma bai ce zai yi masa wani ba.

Ashe awona da na Baba sun zo ɗaya. Na zauna a inda yake zama, na ɗauki wuƙarsa na ƙarasa aikin. Da na turo wa mutumin goransa da ƙafa, sai na ji bakina yana tambayarsa ko ya ci abinci.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da abin da ya yi mana, ni da duk wanda ya taɓa tuɓe takalmi a gabansa. Ya ba Inna haƙuri, ya ba Baba Ƙarami abokin gardama. Baba ya ƙare rayuwarsa yana ba kowa daidai awonsa, kuma a kan haka nake har in mutu. Wuri ɗaya ne kawai na koma bayan Baba Ƙarami. Ya Allah, in za ka yalwata masa kabari, in za ka ba shi gida a Aljanna, kada ka duba sawunsa. Ka ba shi babba.